Ingarma, Hannun Gem Ƙirar Khalilu

A shagon askin Ɗanliti Khalilu ya sanar da cewa zai ƙera hannun gem da babu irinsa a duniya. Ba aski ya kawo shi ba. Ya san dai nan ne wurin da mutum ba ya iya tashi ya gudu, tunda rabin kansa na hannun mai aski.

Sana'ar Khalilu gyaran tocila da rediyo ce a ƙauyen Tsamiyar Kara, can gefen Minjibir. Ya taɓa yin cin rani sau ɗaya a kasuwar waya ta Kano, inda aikinsa shi ne manna wa wayoyi gilashi. Daga nan ya dawo da sukundireba a aljihun gaba da kuma sunan Injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa, shi kaɗai kuma yake kiran kansa da shi.

Abin da ya tayar da maganar, damuwar Abdulbasit ce. Abdulbasit ɗan kawun Khalilu ne, abokin wasansa, shi ne mai gidan gem ɗaya tilo a ƙauyen: ɗaki guda da talabijin da na'ura da farantin sola a kan rufi. Da an gama kaka an ɗaure gero, samari can suke tarewa suna buga ƙwallo a na'ura. Watan da ya wuce sun je Makoda an lallasa su, yanzu kuma 'yan Makoda za su zo ramuwar ziyara ranar Asabar. Ƙa'ida ita ce masu masauki ke ba da hannun gem. Hannuwan Abdulbasit uku ne, biyu masu lafiya, ɗaya kuma 'yar sandarsa ta babban yatsa, wadda samari ke kira analok, ta kwance. Ko ba a taɓa ta ba sai ɗan wasa ya kama gudu shi kaɗai ya nufi kwana kamar an aike shi.

"Ni tsorona kar wani ya ƙara lalacewa a gaban baƙi," in ji Abdulbasit. "Duk jabu ne. Ko girgiza ba sa yi."

Khalilu ya yi dariya ya gyara zama. "Jabu? Kai ɗan ƙauye, wanne ne ba jabu ba? Ka san tarihin abin nan kuwa? Ni na kalle shi kaf a waya. Da can hannun gem sanda ɗaya ce da maɓalli ɗaya, kamar muciya. Sai wani kamfani a Japan ya fito da maɓallin nan mai kusurwa huɗu, sama, ƙasa, hagu, dama. Kowa ya kwafa. Suka sa maɓallai a kafaɗa, kowa ya kwafa. Suka kawo analok guda, maƙwabcinsu ya leƙo ya ce shi biyu zai sa. Suka ƙirƙiro girgiza, wata 'yar aba ce da ake cusawa da batirinta, kafin a ankara wasu sun gina ta a ciki. Haka aka yi da cire waya, haka aka yi da sa lasifika. Duk satar amsa ce, sai dai su suna sa kwat."

"To kai me ya hana ka kwafa?" Ɗanliti ya tambaya yana karkaɗe kilifarsa.

"Ai abin da nake gaya muku ke nan. Su ɗaya-ɗaya suke kwafa. Ni gaba ɗaya zan haɗa a hannu guda. Girgiza, mara waya, da sauti. Har suna na sa masa: Ingarma."

"Tocilar Inna tana wajenka tun damina," in ji Abdulbasit.

"Tocila ƙaramin aiki ce, shi ya sa take ba ni wahala. Ƙwaƙwalwata ba ta saba da ƙanana ba."

Abdulbasit ya yi tunanin ba abin da zai rasa, ya ba shi hannun nan mai kwantacciyar analok. Khalilu ya saƙale shi a hammata ya nufi gida, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce masa ya keɓe ranar Asabar.

Matarsa Sakinatu na tankaɗe a tsakar gida ya shigo ya shimfiɗa buhu, ya zazzage kayan aiki.

"Maman Hafiza, ina tsohuwar wayarki?"

"Ba tsohuwa ba ce, Baban Hafiza. Ita nake kira da ita."

"Ara mini. Ɗan abin da ke sa ta rawa idan an kira nake so in gaisa da shi."

Kafin ta ajiye rariya ya ɓalle bayan wayar ya ciro wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar wake. Ya liƙa shi a cikin hannun, ya haɗa masa batirin tocila, ya miƙa mata.

"Riƙe. Me kika ji?"

"Ba komai."

"Ki nutsu."

Ta nutsu. "Kamar ƙuda ya shiga ƙoƙo."

"To ai girgizar ke nan, sai dai ta yara ce. Mu ta manya muke nema."

"Wayata fa?"

"Za ta yi ƙara, rawa ce kawai ta daina. Ai ma ya fi mutunci."

Wayar ba ta ƙara yin ƙara ba, ba ta kuma ƙara kawo haske ba.

Washegari ya koma kan 'yar fankar caji da Sakinatu ke kunna wa jaririya da rana. Ya cire motar, ya ɗaura mata noti a gefe guda don ta riƙa karkata, ya ɗaure ta a bayan hannun da robar tayar keke. Da ya haɗa waya sai abin ya ƙwace daga hannunsa, ya yi tsalle a kan buhu, ya bi ƙasa yana ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo. Kaji suka watse. Notin ya fice ya bugi tulun ruwa ya tsaga shi.

Maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan danga. "Lafiya, Sakinatu? Maciji ne?"

"Da maciji ne ai da sauƙi, Inna. Ilimi ne."

Khalilu ya ɗauki motar da ta ƙone yana hura mata iska. "Kin ga ƙarfi? Da ma gwaji nake. Turawan ma sai sun fasa tulu ɗari kafin su dace."

"Su matansu ne ke ɗebo ruwan?"

Ya ce bari ya jingine girgiza ya fuskanci mara waya. Wannan kuwa a ganinsa ba ta da wahala. Ya sa almakashi ya datse wayar hannun daga gindi, ya kwance eriyar wata rediyo da aka kawo gyara, ya soke ta a ramin. Da yamma ya kai gidan gem, samari suka kewaye shi. Ridwan, gwanin ƙauyen, wanda ke ji da yatsunsa da kuma gemunsa da yake shafa wa mai kullum, shi ya karɓa ya danna. Ɗan wasa ya tsaya cak. Ya sake dannawa. Shiru.

"Aƙalla ya daina gudu kwana," in ji Abdulbasit.

"Sabis ne babu," in ji Khalilu. "Ɗakin nan naka kwano ya yi masa yawa."

Ya karɓi hannun ya fita, ya hau surin da mutane ke hawa idan suna neman sabis na waya, ya ɗaga shi sama yana dannawa yana ƙwala kira: "Ya motsa?"

"A'a!"

Ya karkata eriya gabas. "Yanzu fa?"

"A'a!"

Ya hau katangar makaranta. Ya hau keken shanu. Wani manomi da ke dawowa daga gona ya tsaya ya tambaye shi ko wata yake dubawa. Daga ƙarshe tururuwa suka shiga wandonsa, ya diro yana kakkaɓewa, ya ce ya gano matsalar: hannun ne tun asali mara lafiya, ba a gina fasaha a kan gurgu.

"Ba ni ɗaya daga masu lafiyar."

"Wallahi ba zan bayar ba," in ji Abdulbasit.

"Kallo kawai zan yi. Haka kamfanoni ke yi, su sayi na abokin gaba su buɗe su leƙa. Ko taɓa wayarsa ba zan yi ba. In na taɓa, ka daina kirana Injiniya."

"Da ma ban taɓa kiranka ba."

Khalilu ya bi shi masallaci, ya bi shi gida, ya zauna a zaure har aka kawo tuwo ya ci rabi. Abdulbasit ya gaji ya miƙa masa, da sharaɗin ya dawo da shi kafin a kira sallar asuba ta Juma'a. Har ya haɗa masa da rimot ɗin babur ɗinsa na ajiya, wanda batirinsa ya mutu, ya ce tunda zai zauna aiki ya canza masa.

Juma'a ta zo ta wuce. Abdulbasit ya je gidan sau da yawa, kullum Sakinatu ke fitowa ta ce Baban Hafiza ya ce yana cikin tiyata. Da ya matsa ta leƙa ɗaki ta dawo ta ce, "Yaya Abdulbasit, in ka ga abin nan yanzu ba za ka yi barci ba. Gara ka bari sai gobe."

Gaskiyarta. Khalilu ya buɗe hannun ya leƙa kamar yadda ya yi alkawari, sai dai da ya zo rufewa marfin ya ƙi komawa, ya danna da gwiwa ya fashe. Sai ya ɗauko ƙoƙon furar Sakinatu, ya huda shi da ƙusa mai zafi, ya zuba kayan cikin a ciki, maɓallai da analok suka leƙo ta ramuka. Inda maɓalli ya ɓata ya cike da na rigar makarantar Hafiza. Wayar kuwa wannan karon bai yanke ba, ya riga ya yi wani tunani a kanta. Rimot ɗin babur ma ya sa masa sabon batiri, amma maimakon ya mayar wa mai shi sai ya kwantar da shi a ƙarƙashin maɓallan bugu, yadda in an danna na sama na ƙasa ma zai dannu. Abu ɗaya ya rage masa: girgiza.

Ranar Asabar da hantsi ya fita neman motar girgiza ya rasa. Yana wucewa ta shagon Ɗanliti ya tarar da Alhaji Kolo, babban mai sayen hatsi na yankin, zaune da ƙyalle a wuya. Gobe sunan jikansa, ya zo a gyara shi. Ɗanliti ya gama kwashe gefen dama tas, yana shirin tsallakawa hagu, kilifa ta yi wani gurnani ta mutu.

"Kash, caji," in ji Ɗanliti. "Alhaji, a yi haƙuri."

Idon Khalilu ya tsaya a kan kilifar. Ya tuna yadda take sa hannun Ɗanliti rawa har gwiwar hannu.

"Kawo in kai maka wajen solar Abdulbasit," ya ce da murya mai taushi. "Yanzun nan za ta cika. Bai kamata a bar Alhaji haka ba."

"Allah ya yi maka albarka, yaro," in ji Alhaji Kolo.

Cajin dai ya sa mata, a nan bai yi ƙarya ba. Da ta ɗauka sai ya bi ta bayan gari ya shige gida. Ya ɗaure ta a ƙarƙashin ƙoƙon da baƙin salatif, makunninta daidai inda yatsa ke danna maɓallin gudu, haƙoranta sun leƙo ta sama saboda ba wurin ɓoye su. Ya ɗaga Ingarma da hannu biyu. Nauyinsa ya kai na 'yar kabewa.

"Maman Hafiza, zo ki ga tarihi."

Ta duba. "Ƙoƙona ne wannan?"

"Da can."

Bayan la'asar 'yan Makoda suka iso a ƙaramar bas, da rigunan ƙwallo iri ɗaya, shugabansu Fatihu na gaba, dogo mai fara'a. Ɗakin ya cika har taga, waɗanda ba su samu wuri ba suka yi cincirindo a waje wurin mai tuyar awara. Abdulbasit ya kafe babur ɗinsa a gindin taga ya shigo yana zufa. Hannu ɗaya ne mai lafiya a teburinsa, kuma ladabi ya ce na baƙo ne.

Khalilu ya ja Ridwan bayan ɗaki. "Ɗaga hannu."

"Me za ka yi?"

"Wayar za ta bi ta hannun rigarka, ta gangara ta ciki, ta fita ta ƙafar wando, ta shige ƙarƙashin tabarma har na'ura. Ba wanda zai gani."

"Ai ka ce mara waya ne."

"Wayar da ba a gani ba, akwai ta? Su ma Turawan ka san inda suke ɓoye tasu?"

Ridwan ya so ya ƙi, amma aka fara kiran sunansa daga ciki. Haka ya shigo yana tafiya kamar mai ƙurji, Khalilu na biye a durƙushe yana tura waya ƙarƙashin tabarma kamar mai gyara shimfiɗa. Da aka zauna sai ya miƙe ya yaye ɗankwalin da ya rufe Ingarma da shi.

Fatihu ya leƙa ta sama, ya leƙa ta ƙasa.

"Malam, wannan sha ake ko bugawa?"

"Za ka sha dai," in ji Khalilu. "Ƙirar Injiniyan Tsamiyar Kara ce. Abin da kamfanoni suka yi shekara da shekaru suna sata a junansu, ga shi a ƙoƙo ɗaya."

Abdulbasit ya matso kunnensa. "Ina hannuna?"

"Yana ciki. An ƙara masa girma."

Aka take wasa. Da farko, abin mamaki, komai ya tafi daidai. Ridwan ya ba da fasin ɗaya, biyu, 'yan wasa na bin umarni, mutanen gari suka fara tafi. Khalilu ya harɗe hannu a ƙirji yana kallon rufi. Sai Ridwan ya samu fili ta gefe ya danna maɓallin gudu.

Kilifa ta tashi.

Ƙoƙon ya ɗauki ƙara kamar injin markaɗe. Hannuwan Ridwan suka kama rawa, kafaɗunsa suka karɓa, har kumatunsa na kaɗawa. Ɗan wasansa ya yi hagu, ya yi dama, ya juya ya bar ƙwallon a baya ya ci gaba da gudu shi kaɗai.

"Ka-ka-kashe ta!" in ji Ridwan.

"Ba a kashewa. Haka na zamani suke, sai ka ji wasan a jikinka."

"Na-na ji! Ya isa!"

Fatihu ya ɗauke ƙwallon ya zura a raga cikin natsuwa. 'Yan Makoda suka yi ihu. Ridwan ya ciji leɓe, ya riƙe ƙoƙon da ƙarfi kamar mai kokawa da rago, ya kutsa har bakin gidan Fatihu ya danna bugu.

Babur ɗin da ke gindin taga ya saki jiniya.

"Ɓarawo!" wani ya ƙwala daga waje. Rabin 'yan kallo suka yi ƙofa, wasu suka bi ta taga. Abdulbasit ya tsallake mutum biyu ya fita da sanda, ya tarar da babur ɗinsa a tsaye ba kowa a kai. Yana cikin dube-dube Ridwan ya danna ɗaya maɓallin, babur ya yi tari ya tashi da kansa, fitila na walƙiya. Mai awara ta yi salati ta bar kaskonta ta ruga. Wani tsoho da ke wucewa ya tsaya ya fara karanto addu'o'i yana tofa wa babur ɗin.

Khalilu ya leƙo ta taga. "Kar ku tsorata, jama'a! Sauti ne. Na kamfani lasifikarsu 'yar ƙarama ce a ciki, mu tamu a waje take."

"Rimot ɗina!" in ji Abdulbasit. "Khalilu, rimot ɗina ka sa a ƙoƙo?"

"Ai na canza maka batirin. Ka ji yadda yake kamawa daga nesa?"

A ciki kuwa Fatihu bai tsaya ba. Ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku, wannan ma golan Ridwan ne ya fito da kansa ya ba shi hanya. Takaici ya kama Ridwan, ya ɗaga hannuwansa biyu zai dafe haɓa kamar yadda ya saba, ya manta abin da ke cikinsu. Aka ji ƙarar kilifar ta canza, ta yi kauri na ɗan lokaci. Wani baƙin abu ya sauko a kan cinyarsa.

'Yan Makoda suka kalle shi. Suka kalli juna. Ɗaya ya cusa hularsa a baki. Daga gefen haɓa har kusa da kunne an share wa Ridwan hanya fes, kamar an yi wa gona iyaka.

"Me ya faru?" ya tambaya.

"Ba komai," in ji Khalilu da sauri. "Idonka a kan ƙwallo."

Daidai nan ƙofa ta yi duhu. Ɗanliti ne, da Alhaji Kolo a bayansa, hularsa a danne har gira. Tun hantsi suke zagaya gari.

"Tsaya, Alhaji," in ji Ɗanliti yana karkata kunne. "Na san muryar nan. Ko a cikin kasuwa na ji ta zan gane ta."

"Ina yaron?" in ji Alhaji Kolo.

Khalilu ya durƙusa. "Barka da yamma, Alhaji. Cajin ne bai gama..."

Alhaji ya sa hannu ya cire hula a gaban baƙi da 'yan gari. Gefe ɗaya na sheƙi, gefe ɗaya furfura ta yi tsaye. Dariyar da mutane ke dannewa tun ɗazu ta ƙwace, har waɗanda suka sunkuyar da kai don girmamawa kafaɗunsu na motsi.

"Da wannan kan na yi azahar," in ji Alhaji. "Da shi na yi la'asar. Da shi na yi cinikin gyaɗa da mutanen Ɗambatta, ina zufa ba halin cire hula."

Ridwan bai ji ko ɗaya ba, hankalinsa na kan talabijin. Rawar hannunsa ta yi yawa har ɗan wasansa ya shiga wani irin lanƙwasa da shi kansa bai san ta ba. Ya wuce mai tsaron baya ɗaya, ya faɗa kan na biyu ya tashi, Fatihu ya rasa ta inda zai tare shi. Ridwan ya danna bugu, babur ya yi kururuwa, ƙwallo ta daki turke ta shige.

"Ta shiga!" Ridwan ya daka tsalle da hannuwa sama.

Wayar da ke cikin rigarsa ta miƙe. Tabarma ta ɗaga da mutanen da ke gefenta, ƙafar wandonsa ta naɗe har gwiwa, na'urar ta zabura daga kan tebur ta yo sama. Abdulbasit, da shigowarsa ke nan, ya rufe ido. Fatihu ya jefar da hannun gem ɗinsa ya yi sufa a kan cinyoyin mutane ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Talabijin ta yi baƙi. A waje babur ya yi shiru. Kilifa ta yi gurnani biyu ita ma ta mutu.

Kowa ya bi wayar da kallo, daga na'ura zuwa ƙafar Ridwan, daga hannun rigarsa zuwa ƙoƙo.

"Mara waya," in ji Fatihu daga inda yake kwance.

"Wannan ba ta aiki ba ce," in ji Khalilu. "Ta tsaro ce, don kar a sace."

"Ƙwallona fa?" in ji Ridwan. "An ƙirga ta?"

"Na'ura ta mutu kafin ta rubuta," wani ɗan Makoda ya ce. "Amma ga madubi, ka duba wani abin."

Aka miƙa masa waya ya kalli fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye Ingarma a hankali, ya fara zare wayar daga rigarsa, idonsa a kan Khalilu. Khalilu ya ja da baya ya ci karo da Abdulbasit, ya juya ya ci karo da Ɗanliti, wanda ke yage salatif da haƙori yana ciro kilifarsa.

Ɗanliti ya danna makunni. Shiru. Ya bubbuga ta a tafin hannu. Shiru.

"Cajin ya sake ƙarewa, Alhaji."

"Kawo in kai..." Khalilu ya fara.

"Kai!" ɗakin gaba ɗaya ya amsa.

Alhaji Kolo ya mayar da hularsa, ya nuna Khalilu da carbi. "Kai za ka je Minjibir yanzu ka ɗauko mini wanzami, a ƙafa, don ba mai ba ka babur. Kafin magariba nake son kaina ya zama iri ɗaya. Ka kuma gaya masa akwai gemu ma."

"Ba gemu ba," in ji Ridwan cikin sanyin murya. "Rabin gemu."

Abdulbasit ya karɓi na'urarsa daga hannun Fatihu, ya jona, ya danna yana addu'a. Fitila ta kawo. Ya sauke ajiyar zuciya ya zauna daɓas a ƙasa. Amma wasa ba zai ci gaba da hannu ɗaya ba, dole aka bar wa Makoda nasara. 'Yan gari suka fara sulalewa ba mai kallon wani.

Fatihu ya karkaɗe rigarsa, ya gaisa da Abdulbasit hannu biyu, har yanzu hawayen dariya na idonsa.

"Mun gode da karɓa. Tunda muke yawon wasa ba mu taɓa jin daɗi irin na yau ba. Ku zo Makoda bayan sati biyu mu sake. Sai dai muna da roƙo guda."

"Faɗi," in ji Abdulbasit.

"Don Allah ku taho da Injiniya. Da ƙoƙonsa."

Khalilu, wanda ya kai bakin ƙofa yana neman takalminsa, ya tsaya cak. Karo na farko ke nan da wani ya kira shi da sunan ba shi ya roƙa ba. Ya juyo, ya gyara sukundireban aljihunsa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ku kuna nan kuna raina mutum, ga shi daga waje an fara nemana."

"Ku tafi da shi yau," in ji Abdulbasit. "Akwai wuri a bas ɗinku? Mun bar muku har abada."

"A'a, ku riƙe abinku," in ji Fatihu. "A ɓangarenku yake mana amfani."

Khalilu ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ce ai shi ma ba zai iya barin garinsu ba duk yadda aka roƙe shi. Ya sa takalmi ya kama hanyar Minjibir neman wanzami, yana tafe yana tsayar da mutane yana ba su labarin yadda Makoda da Tsamiyar Kara suka kusa faɗa a kansa.